Waƙar Wane ta Wane: Kalangun Shata da Shari'ar Faifan Jaz na Farko

Idan mutum ya tsaya gaban mai tura waƙoƙi a waya a kasuwar Sheme ko a tashar Ƙanƙara yana neman wata tsohuwar waƙa, yakan kira sunaye biyu a jere. Zai ce a ba shi waƙar Sarkin Daura ta Shata, ko waƙar Shago ta Ɗan Anace, ko waƙar Sardauna ta Ɗanƙwairo. Harshen da kansa ya raba mallakar gida biyu, akwai wanda aka yi wa, akwai wanda ya yi. Akwai kuma na uku da mai saye bai ambata ba domin yana ganin ba sai an faɗa ba, wato kiɗan da waƙar ta hau kansa, wanda ya girmi mawaƙin da ubangidan nasa duka. Wannan yadda Bahaushe yake kiran waƙa ya fi kusa da gaskiyar yadda ake yin ta fiye da layi ɗayan da kamfani yake bugawa a tsakiyar faifai. Sunan da ke kan faifai shaida ce ta wanda ya tsaya gaban na'ura da wanda aka ƙulla ciniki da shi, kuma kuskure ne a ɗauke shi a matsayin cikakken tarihin waƙar. An taɓa kai wannan magana gaban alƙali a Amurka a kan faifan jaz na farko da aka sayar a duniya, kuma abin da ya fito a shari'ar yana haska abin da ya faru da kiɗan kalangu a kudancin Katsina shekaru da dama bayan haka.

A ranar 26 ga Fabrairu 1917 wasu makaɗa biyar suka shiga ɗakin ɗaukar sauti na kamfanin Victor a New York. Sunan ƙungiyarsu Original Dixieland Jass Band, dukansu fararen fata ne daga New Orleans: Nick LaRocca mai busa ƙaho, Larry Shields mai algaitar Turawa, Eddie Edwards mai dogon ƙahon nan da ake zugewa, Henry Ragas mai fiyano, da Tony Sbarbaro mai ganga. A lokacin ba a ɗaukar faifai da makirfo. Makaɗa sukan jeru gaban wani babban mazurari, ƙarfin sautinsu shi ke motsa allurar da ke zana kakin faifai. Cikin watan Maris faifan ya fito kasuwa, gefe ɗaya Livery Stable Blues, ɗaya gefen Dixie Jass Band One-Step, ya kuma samu karɓuwar da kamfanin kansa bai zata ba. Abin da ya fi jan kunnen masu saye a gefen farko shi ne wurin da kiɗan yake tsayawa, algaita ta yi carar zakara, ƙaho ya yi haniniyar doki, dogon ƙaho ya yi kukan saniya. Kafin shekarar ta ƙare, kowane gefe na faifan ya jawo rigima a kan wanda ya ƙaga shi.

Rigimar gefen farko ta tashi ne daga cikin gida. Alcide Nunez shi ne mai algaitar ƙungiyar tun suna Shikago a 1916, kafin su ɓata da LaRocca a maye gurbinsa da Shields. Da ya ga faifai ya yi kasuwa, shi da wani mai busa ƙaho, Ray Lopez, suka kai kiɗan wurin wani mai buga takardun kiɗa a Shikago, Roger Graham, aka yi rajistarsa da sunayensu. Manajan ƙungiyar LaRocca, Max Hart, ya shigar da ƙara. A watan Oktoban 1917 alƙali George Carpenter ya saurari makaɗa suna ba da shaida ɗaya bayan ɗaya, kowa na faɗin inda ya fara jin karin, har ta bayyana cewa ana busa shi a New Orleans tun kafin ɗayansu ya ce nasa ne. Hukuncinsa shi ne babu ɓangaren da ya cancanci haƙƙin mallaka, domin tsohon kari ne da ke yawo a hannun makaɗa. Gefe na biyu ya ƙare daban. Wani baƙar fata mai tsara kiɗa, Joe Jordan, ya nuna cewa wani sashe nasa an ɗauko shi ne daga That Teasin' Rag, wanda ya wallafa tun 1909, sai aka tilasta sauya rubutun da ke kan faifan domin a ambaci kiɗan nasa. Jordan da tsofaffin makaɗan da suka raini karin gefen farko duk an ɗebi aikinsu. Abin da ya raba su shi ne Jordan yana da takarda mai kwanan wata, su kuwa a kai da yatsu suka ajiye nasu.

Wannan faifai ne ake kira na farko, amma jaz ya daɗe yana tashi a unguwannin baƙaƙen fata da ruwa-biyu na New Orleans kafin 1917. Buddy Bolden, wanda makaɗan garin suke ɗauka uban tafiyar, an kai shi asibitin masu taɓin hankali a 1907, ya rasu a can a 1931, kuma har yau ba a samu faifai ko ɗaya mai ɗauke da busarsa ba. Ƙungiyar baƙaƙen fata ta New Orleans ba ta samu shiga faifai ba sai a 1922 da Kid Ory, sannan King Oliver da yaronsa Louis Armstrong a 1923. Wanda ya fara shiga faifai shi ne wanda ƙofar kamfani ta buɗe masa. Haka abin yake a wajenmu. Tsakanin 1927 da 1929 kamfanin Zonophone ya ɗauki waƙoƙi a Landan cikin harsunan Afirka ta Yamma, har da Hausa, daga bakin 'yan Afirka mazauna can, domin a kawo su nan a sayar wa masu garmaho. A daidai wannan lokaci fadar Katsina da ta Sakkwato cike suke da makaɗan taushi da kotso da jauje waɗanda suka gaji sana'ar kaka da kakanni, amma na'urar tana Landan. Duk wanda ya rubuta tarihin kiɗan Hausa daga jerin faya-fayai zai fara shi daga inda bai fara ba.

Ƙasar da ta haɗa Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, wadda yau take mazaɓa ɗaya a majalisar tarayya, ita ce bayan gidan Funtuwa, kuma abin da ya raya Funtuwa shi ya raya kiɗan yankin. Layin dogon da ya tashi daga Zariya ya ratsa Funtuwa zuwa Gusau da Ƙauran Namoda, wanda aka kammala a 1929, ya mai da auduga kuɗi a hannun manomi. Akwai injin gurzar auduga a Funtuwa, akwai gonar iri a Daudawa cikin ƙasar Faskari, akwai manyan motoci da direbobinsu, da dillalan shanu da na hatsi da 'yan koli. Bayan kaka kuɗi yakan zagaya, biki ya yi yawa, kuma waɗannan sababbin masu kuɗi ba su da makaɗan gado irin na sarakuna, suna kuma son a kira sunansu a bainar jama'a. Cikin wannan kasuwa Mamman Shata ya tashi. An haife shi a Musawa, shekarar da aka fi ambata ita ce 1923, a gidan da ba na makaɗa ba, mahaifinsa ma bai so ya yi waƙa ba. Ya yi tallan goro da alewa, ya fara waƙa a dandali cikin samari da 'yan mata, ya zauna Bakori, daga baya Funtuwa ta zama gidansa. Ya rasu a watan Yunin 1999 aka binne shi a Daura.

Mutumin da bai gaji kiɗa ba dole ya hau kiɗan da ya tarar, kuma wanda Shata ya tarar shi ne kalangu. A tsarin gargajiya kowace sana'a da kiɗanta: gangar noma ta manoma, dundufa ta maƙera, tambari da kakaki na sarauta, kalangu na mahauta. Daga rumfar fawa ya bi 'yan dambe, domin dambe wasan mahauta ne, ya kuma shiga dandali inda ake kaɗa wa 'yan mata. Kalangu ganga ce mai magana. Makaɗi yana matse tsirkiyarta a hammata ya sassauta, sautin ya hau ya sauka kamar yadda muryar Hausa take hawa da sauka, har mai saurare ya ji kalmomi. Shi ya sa ake da take, wato kiɗan da yake kiran mutum ko gida ko sarauta ba tare da an buɗe baki ba, kuma taken sarauta yana bin sarautar, duk wanda aka naɗa ya gaje shi. Duk wannan dukiya tana nan kafin a haifi Shata, kuma waɗanda suka riƙe ta su ne makaɗan da suka tsaya bayansa shekara da shekaru, suna kiɗa suna amshi a lokaci guda, da mai kuntukuru da ke riƙe musu ƙafa, da sanƙira mai shigar da kirari yana sanar da kyauta.

Masu nazarin waƙar baka, musamman Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau, sun tattara sunayen da makaɗa suke kiran sassan aikinsu, kuma sunayen kansu hujja ne. Akwai gindin waƙa, wanda ake komawa kansa, akwai ɗiyan waƙa da jagora yake ƙullawa a kai. Akwai amshi, akwai kuma ƙari, inda 'yan amshi suke ƙarasa wa jagora magana ko su ɗora tasu. A ƙungiyoyin fada wannan ƙari yana da yawa ƙwarai, har waƙa takan zama zance tsakanin jagora da mutanensa. Musa Ɗanƙwairo ya yi shekaru yana bayan yayansa Kurna yana wannan aiki kafin ya ja tasa ƙungiyar, don haka waƙoƙin da aka sani da sunan Kurna akwai bakin Ɗanƙwairo a ciki. Ko kalmar bakandamiya ba ta mutum ɗaya ba ce. Narambaɗa yana da tasa, Shata yana da tasa, domin suna ne na waƙar da mawaƙi yake zuba gwanintarsa ya wasa kansa. Sana'ar da ta tanadi suna ga gudummawar ɗan amshi ta riga ta yarda cewa hannu da yawa ne ke ɗaga waƙa.

Sai na'ura ta iso. Gidan rediyon Jihar Arewa da aka buɗe a Kaduna a 1962 ya ɗauki mawaƙa ya watsa su har ƙauyen da ba su taɓa takawa ba, kamfanin EMI ya buga faya-fayan Shata, sannan kaset ya zo a shekarun 1970 ya shiga kowace motar haya da teburin mai shayi. Abu biyu suka canza. Na farko, waƙar da take sauyawa kowane dare ta daskare. An san Shata da ƙulla waƙa nan take a gaban jama'a, kuma Bakandamiyarsa da ke hannun mutane ba ɗaya ba ce, an ɗauke ta a lokuta daban-daban da tsawo daban da ɗiya daban. Amma wanda ya tashi da kaset ɗaya yakan ɗauka nasa ne na asali, sauran kuma kwaikwayo. Na biyu, ƙungiya ta koma suna ɗaya. Tsohuwar dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 1988 ta tabbatar da hakan a rubuce: ba ta kare aiki sai an adana shi a wani abu tabbatacce kamar takarda ko faifai, kuma ta ce mai faifan kiɗa shi ne mawaƙin da aka ɗauka da sunansa, sai fa idan yarjejeniya ta faɗi wani abu daban. Makaɗin kalangun da bai taɓa sa hannu a takarda ba ya tsaya inda tsofaffin makaɗan New Orleans suka tsaya a kotun Carpenter.

Masoyin Shata zai ce wannan duk rage wa gwani daraja ne. Masu kalangu sun cika ƙasar Katsina, ko wane gari da nasa, amma Shata ɗaya aka yi, kuma da kiɗan ne ke yin waƙa da kowace ƙungiya ta fitar da irinsa. Wannan magana gaskiya ce, kuma ban ga dalilin musa ta ba. Ɗiyan waƙar nasa ne, murya tasa ce, kaifin basirar da ke duban baƙo sau ɗaya ta ƙulla masa waƙa nasa ne, kuma shi ya ɗaga kalangu daga rumfar fawa da dandali ya kai shi gaban sarakuna da shugabannin ƙasa, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988. LaRocca da abokansa ma ba ɓarayi ba ne kawai, sun tsara abin da suka tarar suka buga shi da zafin da ya kama kunnen New York. Sai dai ƙulla waƙa nan take ba ta yiwuwa sai a kan ƙasa mai ƙarfi. Mawaƙin da bai shirya kalmominsa a gida ba yana dogara ne da makaɗan da za su riƙe kari ba tangarɗa na rabin sa'a, su gane daga numfashinsa inda zai sauka, su cike masa gurbi da amshi yayin da yake neman kalma ta gaba. Gwargwadon yadda aka yarda Shata ba ya shiri, gwargwadon haka aka yarda da nauyin da ke kan mutanensa. Wanda yake shakka ya saurari masu kwaikwayonsa a kan kiɗan fiyanon situdiyo, ya ji abin da ya ɓace.

Wani kuma zai ce ai an biya su. Al'adar makaɗa tana da rabo: abin da aka samu a biki ana kasa shi, jagora ya ɗauki babban kaso, sauran a bi girma, ban da ci da sha da sutura da aure da ubangida yake yi wa yaransa. Wanda ya karɓi rabonsa ba shi da sauran magana. Wannan hujja tana da ƙarfi a zamanin da aka tsara ta. An tsara rabo ne domin wasan da yake ƙarewa da asuba, inda duk abin da waƙar za ta jawo ya riga ya faɗo a kan tabarma kafin a watse. Faifai ba ya watsewa. Daren da aka ɗauka a 1975 yana ci gaba da jawo kuɗi a kaset, ya koma faifan CD, ya koma katin waya, yau yana YouTube, kuma a ƙarƙashin dokar da ake aiki da ita haƙƙin waƙa yana kaiwa shekara 70 bayan rasuwar mai ita, wato na Shata har ƙarshen 2069. Babu tsohon makaɗin da ya zauna rabo yana lissafin wannan. Al'adar ba ta zalunci kowa ba, amma ba ta hango na'ura ba, kuma amfani da ita a rufe bakin magada shi ne abin da Hausawa suke kira kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ƙalubalen da ya fi waɗannan nauyi yana zuwa daga ɗaya ɓangaren. Idan kiɗan na mahauta ne, gindin na dandali ne, waƙar kuma ta wanda aka yi wa ce, to ba ta kowa ba ce, kuma mai kwafar kaset a kasuwa bai ɗauki kayan kowa ba. A nan shari'ar 1917 take da amfani sosai, domin ta nuna inda wannan tunani yake kaiwa. Da alƙali ya ce karin na kowa ne, ko sisi bai koma unguwannin New Orleans da suka raine shi ba. Victor ya ci gaba da sayar da faifansa, ƙungiyar LaRocca ta ci gaba da cika ɗakunan rawa har ta ƙetara Landan a 1919, kuma sunanta ne ya zauna a littattafai. Cewa abu na kowa ne yakan amfani wanda yake da injin bugawa. Abin da harshen Hausa yake yi ya bambanta da wannan hukunci. Yakan lissafa masu waƙa ɗaya bayan ɗaya, kowa da irin haƙƙinsa. Ubangida yana da sunan da aka wasa, shi ya sa ba a ɗaukar waƙar wani a liƙa wa wani ba tare da an ji kunya ba. Jagora yana da kalmominsa. Makaɗa suna da hannunsu, sana'a kuma tana da takenta. Dokar Nijeriya ta ɗan taɓo wannan da ta ware kariya ga kayan gargajiya a hannun hukumar haƙƙin mallaka, amma tsakanin mawaƙi ɗaya da al'umma baki ɗaya ta bar gurbin mutum biyar ko shida da suka yi gumin daren.

Abin da ya ceci sunayen makaɗan New Orleans daga baya bincike ne, lokacin da masu nazari suka bi tsofaffi suna tambayar wa ya busa me, a wane ɗaki, a wace rana, har kusan kowane tsohon faifan jaz yau yana da jerin sunayen waɗanda ke cikinsa. An fara irin wannan aiki a kan Shata tun yana raye, da kundin digirin Ɗandatti Abdulƙadir a Jami'ar Indiana a 1975. Aiki mafi girma kuma daga wannan yanki ya fito: littafin Shata Ikon Allah na 2006, wanda cikin marubutansa huɗu akwai Ibrahim Sheme daga ƙasar Faskari da Aliyu Ibrahim Ƙanƙara. Sun bi garuruwa, sun zauna da iyalai da abokan tafiya, sun gano waɗanda aka yi wa waƙoƙi da dalilin yin su. Abin da ya rage shi ne a bi ɗauka ɗaya bayan ɗaya, a rumbun Rediyon Kaduna da na Jami'ar Bayero da akwatunan masu tara kaset, a rubuta wa kowace shekararta da wurinta da sunan wanda ya riƙe babban kalangu da wanda ya riƙe kuntukuru da wanda ya yi sanƙiranci. Masu iya gane hannun makaɗi daga sauti kaɗai tsofaffi ne yanzu a Funtuwa da Bakori da ƙauyukan da ke kewaye. Dandalin da ya haifi kiɗan kuma ya yi shiru a yawancin ƙauyukan Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara, inda rashin tsaro ya sa ake gama biki kafin magariba.